Ragon bashi, alƙawarin tela da ciwon kan jajibiri: Kawu ya amsa

Da watan Zulƙida ya raba, saƙonnin da ke shigo min sai su koma iri ɗaya: rago, ɗinki, aikin nama, sai kuma "Kawu, barci ya ƙaurace min." Na ɗebo huɗu daga cikin na wannan makon.

Wani malamin firamare daga Jega ya ce: "Kawu, ina da mata da 'ya'ya biyar. Abin da na tara bai kai kuɗin rago ba. Wani dillali ya ce zai ba ni bashi in biya cikin wata uku, amma farashin ya fi na kuɗi hannu. Ga gonata ban sayi taki ba. Tun da na yi aure ban taɓa fashin layya ba, kunyar maƙwabta da surukai nake ji. In karɓa?"

Ɗana, kada ka karɓa. Ka sake karanta saƙonka: ba ka ce tsoron Allah ne ya hana ka barci ba, maƙwabta da surukai ka ambata. To su ba za su taya ka biyan dillali ba, kuma ranar da ya zo ya yi sallama a ƙofar gidanka, su ne 'yan kallo na farko. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi.

Layya sunna ce mai ƙarfi, amma a kan mai hali. Malaman Malikiyya, waɗanda littattafansu muka tashi muna karantawa a zaure, sun bayyana mai halin da cewa shi ne wanda ba zai buƙaci kuɗin dabbar ba wajen larurorinsa na shekara. Taki kuwa larura ne ga manomi. A 'yan shekarun nan Babbar Sallah a bakin damina take faɗowa: a 2024 ranar 16 ga Yuni aka yi ta, a 2025 kuma 6 ga Yuni, tana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara. Wato aljihu ɗaya ne rago da gona suke dambe a kansa. Rago kwana uku ake ci a siɗe hannu, gonar ce za ta riƙe gidan har baɗi.

Idan abin da ka tara zai rage bayan ka sayi taki, ka tuna ba rago kaɗai ake layya da shi ba. Tunkiya ta yi, akuya ta yi, bunsuru ya yi, matuƙar sun kai shekara kuma ba su da aibi. Mu ne muka mai da babban balami ko uda mai ƙaho kamar shi ne sharaɗi. Kuma kwanakin yanka uku ne: ranar Idi da biyu da ke biye. Sau da yawa farashi kan sauka bayan an sauko Idi, don mai dabba ba ya son komawa da ita gida ya ci gaba da sayen dusa da harawa. Ba kullum ba, amma ya isa ka jira.

In nama ne damuwar, don kada yara su riƙa leƙen gidan maƙwabta, ka shiga watanda da abokan aikinka. Sai dai ka sani, watanda nama ce. Batun mutum bakwai su haɗa kuɗi su yi layya da saniya ɗaya, wasu mazhabobi sun yarda, Malikiyya ba ta yarda da tarayya cikin kuɗin ba. Wannan ka zauna da malaminka.

Ranar da za ka shiga kara, ka yanke iyakar kuɗinka tun daga gida, ka bar sauran a hannun uwargida. Ka buɗe bakin dabbar ka duba: in ta yi famfara, za ka ga faffaɗan haƙora biyu a gaba a ƙasa, ta kai ke nan. Ka duba idanu, ka sa a ja ta ta yi tafiya ka ga ko tana ɗingishi, ka shafa gadon bayanta ka ji nama ko ƙashi. Kada tumbi ya ruɗe ka. Ni da kaina na taɓa sayo wani rago ana gobe Sallah, cikinsa kamar tulu, ina tafe ina jin kaina. Da gari ya waye na leƙa turke, sai na ga kamar an musanya min shi da ƙanensa. Ashe ruwa aka ɗura masa. Har yau in maganar ta taso a gida ana min dariya.

Wata uwa daga Argungu ta ce: "Kawu, yara huɗu ne, saura kwana goma, telana ya ce ya rufe karɓar ɗinki. Wani ya ce zai karɓa amma kuɗin ya ninka. In ba shi ko in sayi ɗinkakku?"

'Yata, ba a fafe gora ranar tafiya. Telan da ya ce miki ya rufe, shi ne mai gaskiyar, ki riƙe shi don gaba. Wanda ke karɓar aiki saura kwana goma, yawanci shi ne za ki tarar daren Sallah da ƙarfe biyu yana taka keke, ido ja wur, ga iyaye sun yi layi a benci kowa na cewa "nawa fa?" Ƙananan ki saya musu ɗinkakku, ki ƙara ɗan girma kaɗan don su kai Ƙaramar Sallah mai zuwa. Babbar 'yar, in ta kai shekarun da take kula da abin da ƙawaye suka sa, ita kaɗai ki kai wa atamfa ɗaya, ɗinki marar tarkace, kuma kada ki biya duka sai kin karɓa. Kala ɗaya ya ishi kowa. Yaro ɗan shekara huɗu, da ya samu goron Sallah da ɗan tsagin hanta a hannu, ya manta da abin da ke jikinsa.

Wata matar aure daga Birnin Kebbi ta ce: "Gidanmu babba ne, kowace Sallah aikin nama a kaina yake ƙarewa, sai in yi mako ina jinyar baya. Ina da kuɗin adashe. In sayi firiza in huta?"

Kafin ki ɗauki adashen, ki ƙirga awa nawa wuta take zama a unguwarku a rana. In ba ta daɗewa, kuma ba ku da sola mai ƙarfin ɗaukarta, firiza akwati ce kawai mai tsada, kuma a zafin Kebbi da ke haura digiri 40 kafin ruwa ya sauka, naman da ya narke ya sake daskarewa ya sake narkewa shi ne ke kai mutane asibiti da gudawa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, riƙe firiza da janareta ya zama wani aure na biyu.

Ni a ganina ba firiza kika rasa ba, hannu kika rasa. Ki cire kaɗan daga kuɗin ki ɗauki mata biyu su taya ki wankin kayan ciki da suya, ki biya su. Mahauci ma a biya shi da kuɗi, don ba a biyan ladan fiɗa da naman layya ko fatarta. A fitar da rabon dangi da mabuƙata tun yana ɗanye, aiki ya ragu tun kafin a hura wuta. Sauran a soya shi sosai har ruwan ya tsotse, wani a yi dambu, kamar yadda iyayenmu suka yi shekara da shekaru ba wuta ba firij. Sannan ki yi wa maigida magana tun yanzu, cikin natsuwa, ba ranar da kike tsugune gaban kasko hayaƙi na shiga idonki ba. Ki ce masa bana a raba: wance kai da ƙafa, wance suya, samarin gida itace da ruwa. Maza da yawa ba mugunta ba ce, sun ɗauka naman da kansa yake soyuwa.

Wani ɗan kasuwa daga Yauri, mai shekara 52, ya ce: "Duk ƙaratowar Sallah waya ba ta hutawa, kowa da buƙatarsa. Kaina na sarawa ta ƙeya, ba na barci. Wani ya ce in sayi ƙwayar barci a kemis. Wacce ta fi?"

Alhaji, babu wacce zan zaɓa muku. Ƙwayar barci ba a shan ta sai likita ya rubuta, don tana kama jiki har mutum ya kasa barci sai da ita. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen kuma, in aka dimance su, suna iya ɗaga jini su kuma taɓa ciki da ƙoda. In sayayya za ku yi, na'urar awon jini ta ɗaurawa a damtse ta fi muku amfani. Ku zauna ku huta minti biyar kafin ku auna, safe da yamma, ku rubuta a takarda. In yana kai 140 bisa 90 ko sama a ranaku daban-daban, ku kai takardar asibiti. Hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama, shi ya sa ake awo. In kuwa baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ko ƙirji ya ɗaure, ba a jiran gari ya waye.

Batun waya kuma, ku ɗauki biro yau ku rubuta waɗanda haƙƙinsu ke wuyanku: iyaye, iyali, sai marayu da gajiyayyun dangi. Ku sa adadi gaban kowane suna, ku tura da wuri. Duk wanda ya kira bayan nan, "bana ban samu iko ba, sai Allah Ya hore" amsa ce cikakkiya, ba sai kun ɗora mata rantsuwa ba. Ku rage goro da shayi daga la'asar, in an yi Isha'i ku kashe wayar ku ba Hajiya ta ajiye har asuba.