Yarona bai fara magana ba, me zan saya masa?

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan ƙananan yara suka zo, kuma kowace da abin da ake shirin kashe wa kuɗi. Na zaɓi huɗu, na taƙaita su.

Anti, ɗana wata 22 gare shi, ɗan fari ne. Daga "mama" sai "baba" sai nuni da hannu. 'Yar maƙwabciyata da ya girme ta har aike ake yi mata. Babansa ya ce zai sayo masa tabulet irin na yara mai waƙoƙin ABC, ni kuma na ga wata 'yar tsana mai magana a kasuwa. Wanne ya fi? Wata uwa daga Zariya.

'Yar'uwa, ki ce wa maigidan ya riƙe kuɗinsa tukuna, akwai inda za su fi amfani. Ko ɗaya daga cikin biyun ban ba ki shawarar saye ba.

Yaro yana koyon magana ne a bakin wanda yake mayar masa da amsa. Ya ce "ba", ki ce "ruwa? Ruwa kake so? Ga ruwa." Ya kalli bakinki, ya ga kofin, ya ji kalmar sau uku a daidai lokacin da ƙishi ke damunsa. Tabulet bai san yaronki na jin ƙishi ba, zuba yake yi kamar kanya ko ana saurare ko ba a saurare. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2019, ta ce yaron da bai cika shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana, in ya gaza haka ma ya fi. Ita kuwa 'yar tsana mai batir, an taɓa gwada wasu kayan wasa masu batir da ƙara kamarta a jihar Arizona ta Amurka da iyaye 26 da jariransu masu wata 10 zuwa 16. Aka ga duk sanda abin wasan ke ƙara da walƙiya, iyayen sai su rage magana, su ma su zama 'yan kallo. Da aka ba su littafi sai baki ya buɗe.

To ina za a kai kuɗin? A kai su gwajin ji. Yawancin yara suna furta kalmar farko wajen shekara 1, kafin su cika 2 kuma sun tara kalmomi kamar 50, sun fara haɗa biyu, irin su "Baba mota" ko "ruwa sanyi". Naki yana da sauran wata biyu ya cika shekara 2 da kalma biyu kacal, ya cancanci a duba shi, ba don na yanke cewa akwai matsala ba. Yara da yawa suna makara sannan su kamo tsaransu, amma daga zaune ba wanda zai iya ce miki naki yana cikinsu. Na san za a ce miki ai yana ji, in an buga ƙofa yana waigowa. Jin bugun ƙofa daban, rarrabe "kaza" da "ƙasa" daban. Ruwa yakan taru a bayan dodon kunne bayan mura ko ciwon kunne, yaro ya yi watanni yana jin maganar mutane kamar daga cikin randa, ba zazzaɓi ba kuka. In kuma ya taɓa yin sanƙarau, ko ƙyanda, ko shawara mai tsanani yana jariri, ko kunnensa na zubar da ruwa, ki gaya wa likita tun kafin ya tambaya. Daga Zariya ba ki da nisa: akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ga kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Gwajin ba ya ciwo, akwai ma wanda ake yi yaro na barci.

Ki lura kuma da waɗannan kafin ranar asibiti: yana waigowa in an kira sunansa? Yana nuna miki abu don ki gani, ko sai in yana so a ba shi? In kin ce "kawo takalminka" ba tare da kin nuna ba, yana kawowa? Akwai kalmar da ya taɓa iyawa ya daina? Wannan na ƙarshen in ya faru kada a jira ko mako guda.

Sai maganar da kika saka a tsakiyar wasiƙarki, wato ɗan fari ne. Na san kunyar ɗan fari, na taso na ga yayata ba ta kiran sunan nata, ba ta yi masa wasa in surukarta na tsakar gida. A gidan yawa wannan bai cika cutar da yaro ba, don ga kaka ga gwaggo ga yara goma suna yi masa surutu. Amma yau amarya tana zaune ita kaɗai a ɗaki biyu da falo, miji ya fita tun safe. In ita ma ta kama bakinta, wa zai yi wa yaron magana? A gaban manya ki yi alkunyarki, ba na hana ki. In kun shiga ɗaki ki sauke shi daga goyo, ki zaunar da shi yana kallon fuskarki, don a baya yana jin murya amma ba ya ganin leɓe. Lokacin wanka ki riƙa faɗin abin da hannunki ke yi: "ga soso, ga sabulu, kawo ƙafa, ɗaya ƙafar." In kin ɗauko kofi ki dakata kaɗan, ki ƙirga biyar a zuci kina kallonsa, ki ba shi sarari ya gwada. Ko "uwa" ya ce maimakon ruwa, ki ce "ƙwarai, ruwa," ki miƙa masa. Kada ki hana shi abin sai ya faɗa daidai, wannan kuka kawai yake jawowa.

Malama, 'yata shekararta 2 da rabi, tana magana amma ba a ganewa sosai. Mahaifiyata ta ce linzami ne, a kai ta wajen wanzami. Wani mai farmasi kuma ya nuna mini wani siro wai yana buɗe bakin yara. A gida ni Hausa nake yi mata, uwarta Zabarmanci. Ko shi ne ya rikita ta? Wani uba daga Maraɗi.

Malam, Allah ya saka da alheri da ka tsaya ka tambaya kafin a ɗauki aska.

Harshe biyu ba ya rikita yaro, ba ya kuma jinkirta masa magana. Dubi yaran Yamai da Agadas, da biyu da uku suke tashi. In ka ji ta cakuɗa Hausa da Zabarmanci a jimla ɗaya, haka ake farawa, za ta rarrabe da kanta. In za ka ƙirga kalmominta ka haɗa na harsunan biyu. Kada uwarta ta bar harshenta saboda wannan.

Tsamin baki a wannan shekarun kuwa ba abin tashin hankali ba ne. 'Yar shekara 2, baƙo yakan gane kamar rabin abin da ta faɗa ne, sai wajen shekara 4 ake sa ran kowa ya gane kusan duka. Haruffa irin su r da ts da ƙ suna cikin masu zuwa a makare.

Linzami gaskiya ne akwai shi, wato 'yar fatar ƙarƙashin harshe ta yi gajarta ta riƙe shi. Amma inda ya fi bayyana shi ne wajen shan nono tun ana jego, kuma ba ya hana yaro sanin kalmomi. Ka sa ta fito da harshe ta lashi zuma ko suga a leɓenta na sama. In harshen na fita ya wuce leɓe yana kuma ɗagawa, da wuya a ce shi ne. In kana shakka likita ya duba. Ƙarƙashin harshe wuri ne mai jijiyoyin jini, kuma askar da ta taɓa wani yaron tana iya ɗauko ciwon hanta ko sandarewar wuya. Ka lallaɓa Inna da girmamawa, ka ce mata a bari likita ya fara gani, in ma ka samu dama ka tafi da ita ta ji da kunnenta.

Siron kuwa ka bar masa kayansa. Babu ruwan kwalbar da ke sa yaro magana. Kuɗin ka saya mata ƙwai da wake da kifi.

Anti, ni malamar makaranta ce. Ina da 'yar wata 14 da ɗan shekara 3. Kullum da safe sai na sulale na gudu don kada ƙaramar ta gan ni, duk da haka mai rainon ta ce tana shafe lokaci tana kuka. Babban kuma ko wanka ne ko barci ko karɓe waya, sai ya yi birgima. Na ga ana tallar allo mai hotunan ayyukan yini da agogon yashi a intanet. Su taimaka? Kuma in kai ƙaramar makarantar raino ko in bar ta a gida? Wata uwa daga Sakkwato.

Sannu da ƙoƙari, 'yar'uwa. Tsaya mu fara da ƙaramar, don abin da kike yi da kyakkyawar niyya shi ke ƙara mata kukan.

Ƙyuya takan fara wajen wata 8, ta yi ƙarfi har wajen shekara ɗaya da rabi. Alama ce ta cewa ta san ke ce tata. In kina ɓacewa ba sallama, abin da take koya shi ne uwa na iya ɓacewa a kowane lokaci, sai ta ƙi sakin zanenki ko banɗaki za ki shiga. Ki yi mata sallama a fili, gajeriya, da kalmomi iri ɗaya kullum: "Mama ta tafi makaranta, sai azahar." Ki sumbace ta, ki miƙa ta, ki fita, kada ki dawo leƙe ko kin ji ihu. Za ta yi kuka, kwanakin farko ma wataƙila ya fi na da. Ki bar mata wani tsohon mayafinki da ba a wanke ba, ƙanshinki na jiki. In kin dawo kuma ki ce "ga Mama ta dawo," don ta haɗa tafiyar da dawowar.

Shi kuma babban, ki duba abin ta wajensa. Yana tsakiyar tuƙa motarsa ta gwangwani, duniya ta yi masa daɗi, sai kawai a sure shi a tsoma a baho. Ko babba aka yi wa haka sai ya ɓata rai. Yana bukatar a sanar da shi kafin lokaci, sai dai "saura minti biyar" ba ta da ma'ana a wajen ɗan shekara 3. A nan ne agogon yashin ke aiki, don yana ganin lokacin na zuba da idonsa. In ya zo da araha kuma na roba ne, ki saya, ban hana ba. Amma kina da agogon da ya fi shi, kyauta, sau biyar a rana. "In aka kira magariba sai wanka." "In Baba ya dawo daga isha'i sai tatsuniya sai barci." Ladan ne ya faɗa, ba ke ba, rigimar ta ragu. Na ga wata maƙwabciyata tana yin haka da ɗanta: da an ce Allahu Akbar sai ta ɗaga gira ta ce "ka ji?", shi da kansa yake ajiye motar ya je ya ɗauko bokitinsa, wani lokacin yana ƙunƙuni amma yana tafiya. Sai da suka yi kusan wata kafin abin ya zauna, kuma sirrin shi ne ba ta taɓa cewa "to yau an ɗaga maka" ba.

Ki riƙa ba shi zaɓi ƙarami a cikin abin da ba makawa: "da kofi ja za mu yi wankan ko da shuɗi?" Waya kuwa, kafin ki miƙa ake yin sharaɗi, "guda ɗaya, in ya ƙare ka kawo," kuma kada a ba shi dab da barci.

Allon hotunan kada ki saya. Zanen yaran Turai ne a kai da bahon wanka irin nasu. Ki ɗauki hoton ɗanki da wayarki yana wanka, yana cin abinci, yana saka takalmi, yana kwance, ki kai mai wankin hoto, ki manna su a jere a kwali daidai tsayinsa. Guda huɗu ko biyar sun isa. Yana ganin kansa zai fi kula, kuma ga hira ta samu: "mun gama wannan, sai me?"

Batun makarantar raino ko gida, ba sunan wurin ne abin dubawa ba, mutumin da zai riƙe ta ne. Ki je makarantar ba tare da kin sanar ba, wajen ƙarfe 11. Ki ƙirga jarirai nawa ke hannun mace ɗaya. In ɗaya ce da goma, ba ta da bakin yi wa kowa magana ko tana so. Ki ga ko talabijin ke rainon, ko ana durƙusawa a yi wa yara magana da sunansu, ki tambaya ko masu rainon suna daɗewa ko kowane wata sai an sauya. In mai rainonki ta gida babba ce mai hankali, tana yi wa yarinyar hira da waƙa, ni da ita zan zauna har ƙyuyar ta lafa. In kuwa 'yar shekara 10 ce da ita ma ya kamata a ce tana aji, wannan ba raino ba ne, ki nemi wani shirin.

Jikana zai cika shekara 1 bayan salla. Me zan saya masa mai amfani? Wata kaka daga Kumasi.

Hajiya, Allah ya raya shi. Ki nemi littafin hotuna mai kaurin shafi irin na kwali, wanda ko ya tauna ba zai yage ba, hoto ɗaya babba a kowane shafi: akuya, mota, ayaba, ƙwallo. Ko da Turanci aka rubuta ba komai, ke da Hausa za ki faɗa masa, ki yi masa kukan akuyar ma. Ki haɗa da kofunan roba masu shiga cikin juna da ƙwallo mai laushi.

Ki guji duk abin wasan da ke da ɗan batir mai kama da kwabo. In yaro ya haɗiye shi yana iya ƙone masa maƙoshi cikin awa biyu, kuma na araha murfin batirinsu ba ya da ƙusa. Haka duk abin da zai iya shigewa bakinsa gaba ɗaya, ko mai ƙananan duwatsu da idanun roba da ke ɓallewa. Littafin kuma ki ajiye shi a ɗakinki, in an kawo miki shi ku buɗe tare.