Ba aboki gida a unguwa mai HOA

Ɗan'uwa, ka ce za ka koma Kano na shekara guda, kana so abokinka ya zauna a gidanka na Houston a Amurka kyauta, wai ko HOA, wato ƙungiyar masu gidajen unguwar, za su hana. To fara buɗe takardun CC&Rs ɗin nan na dokokin unguwar da aka ba ka ranar sayen gidan, yawancinmu ba ma karantawa wallahi. Wasu ƙungiyoyin da zarar mai gida ba ya nan, duk wanda ke ciki ɗan haya suke ɗaukarsa ko sisi bai biya ba, sai an yi masa rajista. Kuma in ciyawa ta yi tsawo ko ya yi fakin inda aka hana, kai za su ci tara ba shi ba. Ku rubuta 'yar yarjejeniya dai, ka kuma sanar da kamfanin inshorarka.