Filasta na saɓule fatar mahaifiyata, famfas kuma ya sa mata ƙuraje

Tambaya: Mahaifiyata na kwance da shanyewar ɓarin jiki, ba ta riƙe fitsari. Muna sa mata famfas na manya, akwai kuma ciwo a cinya da muke rufewa da filasta. In mun cire filastar sai fata ta biyo ta, matsematsinta ya yi jajir. Mai kemis ya ba mu man shafawa, abin ya lafa, sannan ya dawo fiye da da. Yaya zan gwada kayan kafin in sa mata? Daga Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Allah Ya ba Mama lafiya. Yanki ɗan guntun filasta ki liƙa a cikin dantsenta, inda fata take lafiya. Bayan awa 48 ki cire, ki sake dubawa bayan kwana biyu, don wani borin jikin sai daga baya yake fitowa. Ja mai ƙaiƙayi daidai shacin filastar, ko ƙuraje masu ruwa, jikinta bai karɓe ta ba ke nan. Amma yawancin saɓulewa daga fizga ne. Ki kwantar da bakin filastar, ki ja sannu bin gashi, yatsanki na danne fatar. Filasta mai gam ɗin silikon ta fi sauƙi ga fatar tsofaffi.

Man nan kuwa, juya kwalin. Mai yiwuwa za ki ga clobetasol ko betamethasone, magunguna masu ƙarfi na danne kumburin fata, irin man da ake kira "mai aiki uku". Kullum da shi muke fama. Yana danne ja da ƙaiƙayi, sai iyali su ce an dace. Alhali a ƙarƙashin famfas, inda ga zafi ga danshi, fata tana shanye shi fiye da ƙima, ta yi siriri, kandida, ƙwayar cutar da ke yaɗuwa a fata mai danshi, ta samu fili. A daina, ja ya dawo, a koma kemis a sayo wani. Mai sayarwa bai ga fatar ba, bai tambayi ko tsohuwa na da ciwon suga ba, miƙo kwali kawai ya yi. Haka ake kawo mana tsofaffi, fata ta tsage har filasta ba ta da wurin zama. Ki daina shafa mata man.

Famfas ki duba lambar NAFDAC, kuma kada tsada ta sa ya wuni a jiƙe, musamman a zafin bazara. A wanke da ruwan ɗumi, a tsane ba gogewa, a shafa man zinc oxide kaɗan. In wurin ya fara ruwa, wari, ko ta yi zazzaɓi, ku kai ta Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika.