Tambaya da Amsa: Ziyarar Kufan Waqrapukara a Yini Ɗaya

Tambaya: Malam, zan halarci taro a birnin Kusko na ƙasar Peru, kuma an ba ni shawarar ziyartar kufan Waqrapukara. Shin mai shekara 50 zai iya zuwa ya dawo a yini ɗaya? Dole ne sai da ɗan jagora?

Amsa: Malam, za ka iya, matuƙar kana da ƙoshin lafiya. Waqrapukara, wanda ma'anarsa a harshen Kechuwa ita ce "ganuwa mai ƙaho" saboda duwatsu biyu da suka miƙe a kansa, yana lardin Acomayo, a saman kwazazzabon kogin Apurimak. Mutanen Kanchi ne suka fara gina shi kafin daular Inka ta karɓe shi, kuma har yau matakala da ƙofofin dutse suna nan.

Abin da ya fi damuna shi ne tsayin wurin, domin ya haura mita 4,000 daga matakin teku, inda iska ke ƙaranci har numfashi ya yi wa mutum wuya, ga ciwon kai da jiri. Saboda haka ka fara yin kwana biyu ko uku a Kusko, mai tsayin kusan mita 3,400, jikinka ya saba, kuma ka ga likita idan kana da hawan jini.

Ana barin Kusko da asuba, a yi sa'o'i a mota, sannan a taka da ƙafa. Ban yarda ka tafi ba ɗan jagora ba, domin wurin ba kowa, kuma hazo kan rufe hanya. Lokacin rani a can, daga Mayu zuwa Satumba, ya fi dacewa, amma ka riƙe rigar sanyi da ruwan sha.