Hukuncin sayar da ƙasusuwan dinoso da aka tsinta a Gadufawa

Tambaya: Malam, ni direba ne a Agadas, ina kai baƙi cikin Tenere. A wajen Gadufawa iska kan yaye rairayi, sai ka ga ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da, irin su dinoso, sun zama dutse. Na tsinci haƙori mai tsawon yatsa, wani Bature ya taya jika hamsin. Daji ne, ba gonar kowa ba. In sallama masa?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗan'uwa, kada ka sallama. Bai halatta ba sai da izinin hukuma.

Ba don najasa na hana ka ba. Ƙashin mushe najasa ne a wurin Malikiyya, amma wannan ya rikiɗe ya koma dutse, hukuncinsa na dutse ne. Kuma ba rikazi ba ne, balle ka fitar da humusi, wato kashi ɗaya cikin biyar, ka riƙe saura. Rikazi dukiya ce da mutanen jahiliyya suka binne da hannunsu, wannan kuwa babu ɗan Adam ɗin da ya binne shi.

Abin da ya fi kama da shi shi ne ma'adini, kuma a mazhabarmu al'amarin ma'adini yana hannun shugaba, ya sarrafa shi don maslahar jama'a. Manzon Allah (SAW) ya ba Abyad ɗan Hammal gishirin Ma'rib, da aka ce masa ai kamar ruwa ne mai ɓuɓɓugowa da kowa ke amfana, sai ya karɓe. To maganarka ta "ba gonar kowa ba" nan ta rushe, domin gonar kowa da kowa ce. Nijar tana da dokar kare kayan tarihi tun 1997, haƙa da fitar da irin waɗannan kaya sai da takarda. Bin shugaba cikin abin da ba saɓo ba wajibi ne, aya ta 59 a Suratun Nisa'i. Masu binciken da suka tono wani nau'in dinoso mai suna Nigersaurus a Gadufawa ma da izini suka shiga.

Wani abu kuma, masana sun fi buƙatar sanin inda ƙashi yake kwance fiye da ƙashin kansa. Da zarar ka ɗauke shi ka jefa a aljihu, rabin iliminsa ya tafi.

Kai baƙi su gani, su ɗauki hoto, ka karɓi kuɗin motarka, wannan halal ne. Haƙorin da ke hannunka kuwa, ka miƙa shi ga ofishin al'adu na Agadas ko gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, ka gaya musu daidai wurin da ka same shi. Wallahu a'alam.