Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Dalma Ke Manne wa Bututun Bindiga?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Teksas ta Amurka, inda doka ta yarda mafarauci ya haɗa harsashinsa da kansa. Da dalma nake zuba kan harsashi don bindigata Marlin 336 mai cin harsashi samfurin .30-30. Kafin in yi harbi goma saiti ya watse, in leƙa bututu in ga dalma ta yi dabbare-dabbare. An ce in ƙara wa dalmar tauri, na ƙara, abin sai ma ya ci gaba. Ina gizo ke saƙar? Daga wani mai karatu a Hustan.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, wanda ya ce ka ƙara tauri ya bar jaki yana dukan taiki. Sau tari kauri ne matsalar. Idan kan harsashin bai cika bututu dam ba, iskar albarushi mai zafi sai ta kutsa ta gefensa, ta zaftare dalma ta shafe bango da ita. Mai laushi yakan ɗan kumbura ya toshe kafar, mai tauri kuwa ba ya kumbura, shi ya sa naka ya ƙara lalacewa.

Fara da awo. Shafa wa dunƙulen dalma zalla mai, ka tura shi ta cikin bututu da sandar tagulla, sannan ka auna shi da maikuromita, wato na'urar auna kauri. Kan harsashinka ya ɗara wannan awon da inci 0.001 zuwa 0.002. A takarda .30-30 inci 0.308 ce, amma Marlin masu layukan cikin bututu irin na Micro-Groove, waɗanda ba su da zurfi, sun fi jituwa da 0.310 ko 0.311. Ka kuma ɗan buɗa bakin kwanson harsashi kafin ka zaunar da kan, in ba haka ba bakin zai fere shi, awon ya tashi a banza.

Wurin da dalmar ta taru ma yana magana. In daga gindin bututu ne, kauri ya gaza. In can kusa da baki ne, maikon da ake shafa wa kan harsashi ne ya ƙare kafin harsashi ya fita, sai a sauya maikon ko a rage gudu.

Batun tauri kuwa, dalma zalla tana kan 5 a ma'aunin Brinell. Haɗin kamfanin Lyman lamba 2, wato dalma kashi 90, kuza 5, antimoni 5, yana kan 15, kuma ya wadatar da .30-30. Kan harsashi mai gindi tsirara yakan fara zubar da dalma idan gudu ya haura kamar ƙafa 1,400 a daƙiƙa, daga nan sai an sa masa 'yar hular jan ƙarfe a gindin. Awon albarushi kuwa ba a ƙiyasinsa, ba a kuma aron na harsashi mai rigar jan ƙarfe, sai dai a bi littafin masu yin albarushin.

Don fitar da wadda ta riga ta manne, naɗa zaren soson jan ƙarfe a tsohon burushi ka goge. Gwada soson da maganaɗisu tukuna, in ya kama, ƙarfe ne aka lulluɓe da jan ƙarfe, zai karce bututu.

Sai batun lafiyarka. Dalma na narkewa a digiri 327 na ma'aunin Salshiyas, kuma ɗigon ruwa in ya nutse cikin tukunyar zai watso maka ita a fuska, don haka sa tabarau da safar fata. Yi aikin a waje, ban da ci ko sha, kada yara su matso, tufafin aiki kuma a wanke su daban. Ƙurar dalma ce daga duwatsun zinariya ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010.

Masu karatunmu na Najeriya su lura: Dokar Makamai ta 1959 ta haramta ƙera harsashi ba tare da izinin hukuma ba.