Unguwarmu a Amurka na son zama gari mai zaman kansa: in sa hannu?

Tambaya: Lauya, ina zaune a wata unguwa a Amurka da ba ta cikin kowane gari, gunduma ce ke kula da mu. Maƙwabta suna tara sa hannu don mu kafa garinmu. Ina mafita?

Amsa: Malam, a Amurka gari ba shi da wani iko sai wanda jiha ta ba shi. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka tun 1907 a shari'ar Hunter da birnin Pittsburgh. Saboda haka dokar jiharku ce ke faɗin yawan sa hannun da ake bukata, da adadin jama'a, da yadda za a kaɗa ƙuri'a. A jihar Jojiya ma sai da majalisar jiha ta yi doka kafin Sandy Springs ya zama gari a 2005.

Abin da ke sa unguwanni ɓallewa sananne ne: tsoron kada babban birni ya haɗiye su, son riƙe harajin gidajensu, da ikon hana gine-ginen da ba su so. Haka gundumar Allegheny, inda birnin Pittsburgh yake, ta tashi da ƙananan hukumomi 130. Lakewood na Kalifoniya ya ƙara sauƙaƙa abin a 1954, da ya zama gari ya kuma ɗauki hayar 'yan sandan gunduma.

Inda ake tuntuɓe shi ne kuɗi. Gari komai ƙanƙantarsa sai ya biya akawu, lauya, inshora da gyaran titi. In babu shaguna da masana'antu, nauyin kan gidajenku zai faɗa, ko a koma tatsar direbobi da tara, abin da ya sa jihar Mizuri ta ƙayyade kuɗin da gari zai iya samu daga tara a 2015. Makarantar yaranka kuwa galibi ba za ta canja ba, domin hukumar makarantu daban take.

Kafin ka sa hannu, nemi taswirar iyaka ka ga ko gidanka na ciki, ka kuma nemi rahoton kuɗin shiga da na kashewa. In babu shi, dakata. Kana da damar rubuta ƙorafi a zaman jin ra'ayi, amma ka kula da wa'adi, don in ya wuce kotu da wuya ta saurare ka. Shari'ar ma tana jan lokaci: St. George a Luwiziyana sun yi ƙuri'a a 2019, hukunci bai fito ba sai 2024. In titi da fitila ne damuwarku, hukuma ta musamman don wannan aikin kaɗai, ko shiga garin da ke maƙwabtaka da ku, sun fi araha.